Jeren Da Na Jagoranta A Gidan Mista Etim

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka kawo 'yar yayata gidan miji a Kubwa ba. Ko ni na so in manta, dangi ba za su bar ni ba, don har gobe in an taru suna ko biki hira ta fara sanyi, sai ka ji wata ta ce, "Anti, ba mu labarin jere mana." To gara in ba da shi da bakina, tunda su in suka tashi bayarwa gishirin da suke zubawa ya fi miyar yawa.

A shekarun da aka fara kwaso ma'aikatu daga Legas ana dawo da su Abuja ne. Ni mai buga tafireta ce a wata ma'aikata, aka loda mu, mu da fayil-fayil, aka kawo. Na kama ciki da falo a Dutse Alhaji, kullum in bi motar ma'aikata zuwa cikin gari. A lokacin duk inda ka juya gini ake yi. Ka wuce wuri gonar doya ce, kafin ka ankara an yi rufi, har wata ta shanya zani a baranda.

A cikin motar nan cutar ta kama ni. Wasu in sun shiga barci suke yi, wasu jarida, ni kuwa kujerar taga nake kamawa ina bin gidaje da ido. Wanne aka fara, wanne aka rufe, wanne aka kafa wa allon sayarwa. Daga kallo ta taga na koma fita ranar Asabar. In ɗaura goggoro, in rataya jaka, in bi Kubwa layi-layi ina shiga sababbin gidaje, ina ƙwanƙwasa bango ina girgiza kai kamar mai kuɗin saye (albashina kuwa ko ƙofar banɗaki ba zai saya ba, amma ai dillali bai sani ba). Har Karu da Gwagwalada na je, akwai ranar da na tsinci kaina a Abaji don kawai an ce wani ya gina bene.

A hankali labari ya bazu a ofis. Duk wanda aka dawo da shi daga Legas yana neman wurin zama sai a ce masa, "Je ka wurin Hajiyar tafireta, ita ta san gidaje." Ni kuma in gyara zama in fara: wannan layin ruwa ba ya zuwa, wancan rufinsa yoyo, wancan dillalin kar ka yarda da shi ko ya rantse. Wallahi kaina ya kumbura. Na kai matsayin da nake cewa a ɗaure mini ido a sake ni a Kubwa, zan faɗi gidan da nake gabansa da ƙamshin fentinsa.

Ana cikin haka aka sa ranar Safiya, 'yar yayata Binta ta Zariya. Mijin, Nura, ƙaramin akanta ne, shi ma daga Legas aka kwaso su. Yaya Binta ba ta so a kai mata 'ya Abuja ba. A wurinta Abuja daji ne da aka share aka sa wa fitilu. "Ba dangi, ba maƙwabcin da na sani," in ji ta. "Wa zai karɓe ta? Wa zai gyara mata ɗaki?" Na bugi ƙirji na ce, "Haba Yaya, ina raye? Ki bar mini komai. 'Yarki za ta sauka daga mota ta shiga ɗakinta a gyare, ko tsinke ba za ta ɗauke ba." Uwa ba ta zuwa jere, ba ta rakiyar amarya, don haka duk abin da zai faru a Kubwa a wuyana yake.

Ni na samo wa Nura gidan da kaina. Wata sabuwar unguwa ce a bayan tankin ruwa, ɗan kwangila ɗaya ya gina ta, kuma da alama zane ɗaya gare shi a duniya. Fenti ruwan madara, kwano ja, taga biyu a gaba, 'yar baranda. Daga farkon layi har ƙarshe haka suke kamar ƙwai a kiret. Ba lamba a jikin ƙofa, layin ma ko suna bai samu ba tukuna. Dillalin unguwar wani Bakatsine ne, Malam Tukur, mutum mai sanyin magana, da 'yar hularsa a ƙeya.

Ranar da aka ba mu makulli na share gidan, na bar bokiti da tsintsiya a kicin. Da muka fito Nura ya tsaya yana waige-waige ya ce, "Anti, ni fa in na dawo ba zan gane gidan nan ba." Na yi masa dariya irin ta manya. Na nuna masa gidan da ke jikin nasa, wanda aka kafa wa wani dogon allo mai jan rubutu da Turanci cewa na sayarwa ne. Na ce, "Ka ga allon can? Naka shi ne na damansa. Mu da muka san gari haka muke yi." Ya ce, "Kai, Anti, Allah ya bar mana ke." Ya miƙa mini makullin ya wuce Zariya shirin biki.

Wannan kwatancen na aika wa kowa. Direbobin da za su kawo amarya, abokan ango, mai hoto, duk magana ɗaya: ku bi bayan tankin ruwa, ku nemi allo, gidan da ke damansa.

Ranar Juma'a motar kayan ɗaki ta iso da mata masu jere da kafinta. Shugabar tafiya Hajiya Asabe ce, ƙanwar mahaifin Safiya, wadda kowa ke kira Gwaggo. Doguwar mace mai tabarau, irin mutanen da in ka ba su ruwa sai sun ɗaga kofin sun duba ƙasansa. Tun auren Yaya Binta take jiran ranar da dangin uwa za su yi abin faɗa. Ta sauko ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce 'yar Abujar? To mu gani."

Na shige gaban mota kusa da direba ina nuna hanya da yatsa. Muka shiga layin, na hango allo. Gaskiya na ɗan ji kamar tafiyar ta fi ta rannan tsawo, amma na ce nauyin kaya ne ya sa motar ke jan jiki. Na ce, "Tsaya nan!" Na sauko da ƙasaita, na zura makulli, na murɗa. Ƙofa ta buɗe ƙaras, ba gardama. To ku gaya mini, wa zai yi shakka bayan makulli ya buɗe?

Allah dai ya yi ta aiko mini da alamu, ni ce na ƙi karɓa. Na shiga kicin ban ga bokitina da tsintsiyata ba. Na tafa hannu na ce, "Kun ga Abuja ko? Ko tsintsiya ba a bari." Mata suka yi ta salati suna tsine wa ɓarawo. Can wata ta fito daga ɗakin barci riƙe da kalandar coci da ta ciro daga jikin ƙusa, da wata 'yar kwalbar man zaitun da ta gani a taga. Gwaggo ta sauke tabarau ta ce, "Wannan fa?" Ko ƙiftawa ban yi ba na ce, "Masu fenti ne. Yawancinsu 'yan kudu ne, haka suke mantuwa." Na karɓa na jefa a bayan gida.

Aka shiga aiki. Aka shimfiɗa leda, aka kafa ƙusoshi, aka rataya labule (kuma ya zauna cif, tunda ni na aika da awon tagogi, tagogin unguwar kuwa duk uwarsu ɗaya). Aka jera kwanuka da tangaran a cikin shogilas, aka jera tukwane tun daga babba har 'yar autarsu. Sai gado. Wani ƙaton gado ne da mahaifin Safiya ya sa aka ƙera, mai madubi a kai da gurbin rediyo da 'yan durowoyi gefe da gefe. A wargaje aka shigo da shi, kafinta ya haɗa shi a cikin ɗakin. Gwaggo ta tsaya a kansa ta ce ba ta son gado mai ƙara, don haka bayan noti ya bi shi da gam, ya bi gam da ƙusa. Ya gama ya bi motar kaya ya koma Zariya.

Ranar Asabar da safe muka dawo daga masauki muka ƙarasa. Aka turare gidan da turaren wuta har sai da hayaƙi ya riƙa fita ta taga. Muka yi wanka muka sha anko, ni leshi ruwan goro da goggoro kamar faranti. A Zariya an ɗaura aure da hantsi, motocin amarya suna hanya, ana sa ran su wajen la'asar. Gwaggo ta zagaya ɗaki-ɗaki tana neman abin kushewa ta rasa, a ƙarshe ta ce, "Ba laifi." Daga bakin Gwaggo Asabe wannan lambar yabo ce, sai da na ji ƙwalla ta taho mini.

Bayan azahar muka ji ƙugin babbar mota a ƙofar gida. Na leƙa. Wata roka ce ta sha jar ƙasa, an lafta mata kujeru da firji da katifu, har da turmi a ɗaure a sama. Wani gajeren mutum mai tumbi ya sauko yana miƙa, matarsa na biye da shi da fanka a rungume. Ya ciro makulli daga aljihu, ya ɗago kai, sai ya ga labule a taga da hayaƙi na fita, ga ni tsaye a baranda na riƙe ƙugu.

"Madam, sannu," ya ce da irin Hausar barikin soja. "Ni Mista Etim. Me kuna yi a cikin gidana?"

Na yi murmushin tausayi. Na ce, "Oga, ka yi ɓatan kai. Gidajen nan kama suke yi, in ba ka san gari ba sai ka ruɗe. Wannan gidan amarya ne."

"Amarya? Ni ya saya wannan gida. Na zo da fasto ya yi addu'a, na sa kalanda a ɗaki, na koma Legas kwaso kaya."

Da ya ambaci kalanda na tuno wadda na jefa a bayan gida, amma na share. Mata sun fito sun cika baranda, Gwaggo na bayana ina jin numfashinta a wuyana. Mista Etim ya ce bari ya nuna mana. Ya ja ƙofar ya rufe, ya sa makullinsa, ya murɗa. Ta kulle. Ya sake murɗawa, ta buɗe. Na karɓi wuri na sa nawa, shi ma ya kulle ya buɗe.

A nan ne ya kamata mai hankali ta tsaya ta yi tunani. Ni kuwa sai ilimina na gidaje ya taso mini gaba ɗaya. Na dafa ƙirji na ce, "Innalillahi! Oga, an cuce ka. Gida ɗaya aka sayar wa mutum biyu." Na shiga yi masa bayani dalla-dalla yadda 'yan damfara ke yi: su yanka makulli na biyu, su samo baƙo daga nesa wanda bai san kowa ba, su karɓe masa kuɗi su ɓace. Na kawo misalai. Na ce ni nan da yake gani ba gidan da ake sayarwa a Kubwa da ban san tarihinsa ba, ya je ma'aikatarmu ya tambaya. Har yatsa nake kaɗawa.

Kuma abin haushin, mutumin ya yarda da ni. Na ga fuskarsa ta faɗa, gumi ya keto masa. Matarsa ta ajiye fanka ta zauna a bakin kwata ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Yesu. Suka ba ni tausayi ƙwarai. Na ce, "Haba Madam, tashi, rana ta yi zafi. Ku shigo ku sha ruwa." Na kai su falo na zaunar da su a kan sababbin kujerun Safiya, na sa aka kawo musu zoɓo da cincin da alkaki. Har da cewa, "Ku saki jiki don Allah, ku ɗauka nan gidanku ne." Mista Etim ya karɓi kofi da hannu biyu yana mini godiya.

Muna nan ina ba shi shawarar ofishin 'yan sandan da ya kamata ya fara zuwa, sai wata daga cikin matan ta ce, "Anti, ga wani can yana cire allonki."

Na fita da sauri. Malam Tukur dillali ne. Ya girgiza allon ya tumɓuke shi, ya saɓa a kafaɗa kamar mai tafiya gona, yana 'yar waƙarsa. Na ƙwala masa kira, "Malam Tukur! Zo nan! Yau asirinku ya tonu!" Ya juyo a natse ya ƙaraso, allo a kafaɗa. Ya gaishe ni, ya hango Mista Etim a bayana ya washe baki. "A'a, Oga Etim, an iso lafiya? Ya hanya?" Sannan ya dubi labulen, ya dubi matan, ya dube ni.

"Hajiya, me kuke yi a gidan Oga Etim?"

Na ce, "Gidan wa? Wannan gidan Nura ne. Ga shi nan a daman allo."

"Wane allo?"

"Wanda ke kafaɗarka!"

Ya sauke shi ya duba kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce, "Ai Hajiya allon nan shi kaɗai gare ni. In aka sayi gida sai in cire in matsa gaba. Tun ranar da kuka karɓi makulli ya yi ƙaura ya fi a ƙirga, mutanen Legas sai zuwa suke. Yanzun nan ma aka sayi wannan, zan kai shi can ƙarshen layi. Gidan Malam Nura ai yana can baya, kun wuce shi."

Muryata ta koma kamar ta sauro. Na ce, "To makullin fa? Ya aka yi ya buɗe?"

"Makulli?" Ya yi 'yar dariya. "Ai ɗan kwangila kwali guda ya saya. Duk layin nan makulli ɗaya ne. Shi ya sa nake gaya wa kowa ya canza kuba in ya tare. Ke ma na gaya miki, kika ce kin sani."

Na gaya muku na ji kunya a rayuwata, amma irin ta wannan rana ban taɓa ji ba. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na juya a hankali. Mista Etim na tsaye da alkaki a hannu, ya gutsura bai haɗiye ba. Matarsa ta daina kuka. Gwaggo Asabe ta cire tabarau, ta goge shi da gefen mayafi, ta mayar, ta ce, "Masu fenti ko?"

Ba wanda ya yi dariya, don ba lokacinta. Rana ta karkata, amarya na hanya, kuma kaf kayanta suna gidan wani. In motocin nan suka iso a haka, Safiya za ta sauka a gaban dangin miji ba ɗakin shiga, kuma maganar za ta riga ni isa kunnen Yaya Binta. Na durƙusa a gaban Mista Etim da leshina da komai na ce, "Oga, ka yi mini rai." Mutumin kirki, Allah ya saka masa. Ya haɗiye alkakinsa ya ce, "Madam, tashi. Kai ya kusa kashe ni, amma tashi. A kwashe kaya."

Jama'a, ku zo ku ga jere a guje. Mata cikin anko da janbaki, wannan ta ɗauko tukwane a ka, wannan ta rungumo labule da sandarsa, wata na gudu da kaskon turare yana hayaƙi. Mista Etim da direban rokarsa suka kama shogilas, kwanuka na kaɗawa a ciki. Matarsa, wadda ɗazu na sa ta kuka, ita ta naɗe leda ta saɓa. Maƙwabta suka fito suna kallo, wani ya tambaya ko gobara ce. Na buɗe gidan Nura na gaskiya, ga bokitina da tsintsiyata a kicin suna jirana, ɓarawon da aka yi ta tsine wa bai taɓa su ba.

Komai ya fita sai gado. Aka juya shi ta kai, ya ƙi. Aka kwantar da shi ta gefe, madubi ya tokare. Direba ya kawo sifana ya kwance noti, gam da ƙusa suka ce ba su san zancen ba. Na saci kallon Gwaggo, don ita ta sa aka yi masa wannan ɗaurin, amma ban isa in buɗe baki ba. A ƙarshe aka zare katifa aka kai, aka shimfiɗa a ƙasa aka lulluɓe da zanen gado mai ado. Gwaggo ta kulle ɗakin da gadon yake ta soke makulli a ƙugu, ta ce ba mahaluƙin da zai hau gadon 'yarta kafin ita. Matar Mista Etim ta ce a hankali, "Mama, namu makulli ma yana buɗewa." Gwaggo ta ce to a nan za ta kwana (kuma ta kwana, a kan katakon gadon, a gidan mutanen da ba ta taɓa gani ba, har aka samo kafinta).

Ana rataya labulen ƙarshe na ji hon daga wajen tankin ruwa. Hon ɗin biki, mai haɗe da guɗa. Na sauke ajiyar zuciya na ce alhamdulillahi, mun tsira. Sai kuma na tuna. Direbobin nan kwatance ɗaya suka sani, wanda na ba su da bakina. Allo kuwa Malam Tukur ya kai shi ƙarshen layi ya kafa, gidan da ke damansa ko ƙofa ba a sa masa ba.

Ban san lokacin da na tuɓe takalma ba. Na tattare leshi na zura da gudu, goggoro na rawa. Na isa na rungumi allon na jijjiga, ya ƙi, na sa ƙarfin da ban san ina da shi ba na fizge. Malam Tukur na kirana daga nesa, "Hajiya! Hajiya, kayan sana'ata ne!" Ko waiwaye ban yi ba. Na ɗora shi a ka kamar itace na juyo da gudu. Na iso gefen hagun gidan Nura na caka shi a ƙasa, ashe wurin siminti ne. Na sake cakawa, ya faɗi. Motar farko ta riga ta karyo kwana. Ba yadda zan yi, sai na tsaya ƙyam na riƙe shi da hannu biyu a gabana.

Haka suka same ni. Mace da girmanta, ba takalmi, goggoro ya zamo ya rufe ido ɗaya, gumi ya wanke hoda, tana haki, riƙe da allon sayarwa a ƙirji. Direban gaba ya leƙo ya ce, "Kai, kwatancen Anti ba ƙarya, ga allo ga gida!" Mai hoto ya diro tun mota ba ta gama tsayawa ba, aikinsa na farko a Abuja ni ce. Kakar ango, wata tsohuwa mai goro a baki, ta sa aka karanta mata rubutun, ta dube ni ta ce, "Yarinya, in ba tsada ni ina da ƙane a gida."

Aka fito da Safiya a lulluɓe tana kukan amare. Da aka zo wucewa da ita ta gabana sai ta ɗan ɗaga mayafi, muka haɗa ido. Kukan ya tsaya cak. Ta saki mayafin da sauri, kafaɗunta suka fara rawa. Mata suka yi ta cewa, "Allah sarki, yi haƙuri, kowa da haka ta saba," suna bubbuga bayanta. Ni kaɗai na san ba kuka take ba. Aka sa ta yi bismilla ta shiga da ƙafar dama, ta tarar da ɗakinta a gyare, turare na tashi. Dangin ango suka tambayi gado, wata cikin matanmu ta ce ai yayin Abuja ke nan, katifa a ƙasa. Har da masu cewa za su gwada.

Na so in ɓoye wa Yaya Binta, amma Gwaggo Asabe ta riga ni komawa Zariya. Da na je na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na zauna a gefen tabarma ina jiran hukunci. Can ta ce, "'Yata ta shiga ɗakinta?" Na ce, "Ta shiga, Yaya." Ta ce, "A gyare?" Na ce, "A gyare, in ban da gado." Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsintar shinkafa. Sai na ga farantin yana girgiza. Ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, hawaye na zuba, ta kasa magana, sai nuna mini ƙofar falo take da yatsa. Na leƙa. Hoton nan ne, an wanke shi babba an sa a firam, an rataye shi sama da na amarya da ango.

Har yanzu ina bin sababbin gidaje da ido, wannan cutar ba ta da magani. Amma in aka ce ga wadda ta san gari, sai in duba bayana in ga da wa ake. Kuma duk wanda ya tambaye ni hanya, da dutse nake masa kwatance, ko masallaci, ko tankin ruwa. Ban ƙara yin kwatance da abin da mutum ɗaya zai iya saɓawa a kafaɗa ya yi gaba da shi ba.